Tsabtace Daɓen Gida Ba Tare da Cutar da Kyanwa Ba

Gidaje da yawa a ƙasar nan suna ajiye kyanwa domin maganin ɓeraye. Wannan dabara ce mai kyau, domin ɓera yana ɓarnar hatsi, kuma fitsarinsa da kashinsa su ne hanyar yaɗuwar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida. Amma abin takaici, sau da yawa magungunan da uwar gida take goge daɓe da su domin lafiyar iyali su ne suke halaka kyanwar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda guba take shiga jikin kyanwa

Kyanwa tana tafiya a kan daɓe, tana kwanciya a kansa, sa'an nan ta zauna ta lashe tafin ƙafafunta da gashin jikinta sau da yawa a yini. Saboda haka duk abin da aka bari a kan daɓe, ƙarshensa cikinta. Har wa yau hantar kyanwa ba ta da ƙarfin narkar da waɗansu sinadarai kamar yadda hantar mutum ko ta kare take yi. Ɗan abin da ba zai yi wa mutum kome ba yana iya taruwa a jikinta har ya kashe ta.

Abubuwan da ya kamata a guje musu

Na farko, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu sinadarin fenol da danginsa, irin su Izal da Dettol. Alamar yawancinsu ita ce, in an zuba su cikin ruwa sai ruwan ya yi fari kamar madara. Suna da amfani a masai da kwata, amma bai kamata a goge wurin da kyanwa take takawa da su ba.

Na biyu, kananzir, wanda waɗansu suke ɗigawa cikin ruwan goge daɓe domin korar tururuwa da kiyashi. Yana ƙona fatar kyanwa da bakinta, yana kuma taɓa huhunta.

Na uku, maganin ƙwari mai sinadarin DDVP, irin su Sniper da otafiyafiya, waɗanda akan yayyafa a lunguna da gindin bango. Wannan guba ce ga kyanwa, da kaji, da jaririn da yake rarrafe. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a kasuwanni saboda haɗarinsa ga mutane. Haka kuma kada a watsa ƙwayoyin kafur a ƙasa inda kyanwa za ta iya wasa da su.

Hanyar da ta dace

Kafin a fara aiki, sai a fitar da kyanwa daga ɗakin a rufe ƙofa, a ɗauke kwanon abincinta da na ruwanta, a buɗe tagogi. A share daɓen da tsintsiya. In na siminti ne ko tayil ko leda, ruwa da ɗan sabulu ko omo sun wadatar domin tsabtar yau da kullum. Bayan an goge, lalle ne a ɗauraye da ruwa mai tsabta, domin saura kumfa ma yana ɓata cikin kyanwa.

In da bukatar kashe ƙwayoyin cuta, alal misali an ga kashin ɓera ko akwai majiyyaci a gida, to bilic ya fi dacewa, in dai an sirka shi. A zuba babban cokali 2 cikin lita 1 ta ruwa mai sanyi, a jiƙa wurin, a bar shi minti 10, sa'an nan a ɗauraye sosai. Kada a bar kyanwa ta dawo sai daɓen ya bushe sarai. Ƙanshin bilic yakan ja hankalin waɗansu kyanwoyi har su lasa, saboda haka a zubar da ruwan bokiti nan take, a wanke tsumman a shanya shi inda ba ta kaiwa.

Kada a taɓa haɗa bilic da wani magani, kada kuma a zuba shi a kan fitsari kai tsaye, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai shaƙe numfashin mutum da dabba. A fara wanke fitsarin da sabulu tukuna.

Daɓen ƙasa kuwa yana shanye duk abin da aka zuba masa, ba ya ɗauraiwa. Yayyafa ruwa zalla kafin shara ya ishe shi. Inda kyanwa ta ɓata, a kwashe har da ƙasar wurin.

Kashin kyanwa

A kwashe shi kowace rana. Yana iya ɗauke da ƙwayar cutar toksofilasma, wadda ba ta kama mutum sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5. Cutar tana da haɗari ga ɗan tayi, saboda haka mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki. Wanda ya yi shi ya wanke hannu da sabulu.

In guba ta taɓa kyanwa

Alamomin su ne dalalar da miyau, da amai, da gyambo a baki ko tafin ƙafa, da tangaɗi, da karkarwa, da wahalar numfashi. A wanke ƙafafunta da gashinta da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, a garzaya da ita asibitin dabbobi tare da kwalbar maganin, domin likita ya san abin da yake ciki. Kada a ɗura mata manja ko madara, kada a tilasta mata amai. Kada kuma a ba ta farasitamol ko kaɗan, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Daɓen da kyanwa za ta taka lafiya, shi ne wanda jariri zai rarrafa a kansa lafiya. Rigakafi ya fi magani.