Canza plaketi da diskin birkin gaba a gida

Ƴan'uwa manoma, kaka ta kama, motocin ƙungiyoyi sun fara kwasar gero da wake zuwa kasuwannin Maradi, Tasawa da Damagaram. Mota in ta yi nauyi, birkin gaba ne ke ɗaukar yawancin aikin tsaida ta, kuma ƙurar hanya tana cin plaketi da sauri. In kun ji ƙarar ƙarfe sa'ad da kuka taka birki, ko sitiyari yana rawa, ku duba. Plaketin da kaurinsa bai kai milimita 3 ba ya ƙare. Diski kuwa, an rubuta iyakar kaurinsa a jikinsa. In ya kai nan, ko ya yi zurfin zane, a canza shi. Dama da hagu tare ake canzawa, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe guda.

Ku nemi wuri mai tauri. A kan rairayi kirik nutsewa yake yi, sai a shimfiɗa masa katako mai kauri. Ku ja birkin hannu, ku tokare tayun baya da duwatsu, ku sassauta bulon taya tun tana ƙasa, sannan ku ɗaga. Kada ku yarda da kirik shi kaɗai. A tokare mota da ƙafafun ƙarfe na garaji; tubalin laka ko bulon siminti fashewa suke yi, su danne mutum.

Ku gama gefe guda kafin ku taɓa ɗayan, don ya zame muku abin dubawa. Kwance etiriye, wato ƙarfen da ke rungume da diski, ku rataye shi da waya. Kada ya reto a jikin tiyon mai, tiyon zai tsage daga ciki ba ku sani ba. Ƙurar wurin a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hure ta da baki, tana ɓata huhu. Ku buɗe murfin man birki, ku mai da fistan ciki a hankali da matsi, kuna duban kada man ya zube.

Inda sabon hannu ke yin gaggawa shi ne mazaunin diski. A kankare tsatsarsa sarai, don ɗan tsatsa kaɗan ya isa ya sa sabon diski ya karkace. Shi ma diskin yana zuwa da mai a jikinsa, a wanke shi. Giris a kan sandunan da etiriye ke zamewa kawai ake sawa, ba ya taɓa fuskar plaketi. A wasu tsofaffin motoci sai an fidda cibiyar taya da rulma kafin diski ya fito. Wanga, a ganina, aikin makanike ne, ku kai masa.

Ku ɗaure bulon taya ɗaya nan, ɗaya can tsallake, ku ƙara matsewa bayan mota ta sauka. Kafin ta motsa, ku yi ta taka birki har ya yi tauri, don takun farko fanko ne. In ya ƙi tauri, kada mota ta fita. Man da za ku ƙara shi ne wanda aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. Ku gwada ta ba kaya a fili, kuma kilomita 200 na farko ku riƙa taka birki da sauƙi har plaketi ya zauna.