Lambu a Ɗakin Nuni: Shuka a Hannun Masu Fasaha

Akwai wani reshe na fasahar zamani wanda kayan aikinsa shuka ce mai rai. Mai fasaha yakan kafa lambu a ɗakin nuni ko ɗakin gilashi, ya tanadi ruwa da haske da danshi, don mai kallo ya ga yadda ran shuka ke rataye a wuyan wanda ya killace ta.

A shekarar 2006 Mark Dion ya ɗauko gungumen wata bishiya da ta faɗi, mai tsawon ƙafa 60, ya gina mata ɗakin gilashi a Seattle ta Amurka. Gansakuka da ƙananan tsirrai na ci gaba da fitowa a jikinta, amma sai na'urori sun yi ta fesa ruwa suna daidaita iska. Aikin da daji ke yi kyauta ya koma na inji da kuɗi.

Precious Okoyomon, mai tsatson Najeriya, ta nuna inda iko ke kuɓucewa. A 2020 ta cika wani ɗakin nuni a Frankfurt ta Jamus da kudzu, wata shuka mai yaɗo da aka baza a kudancin Amurka don hana zaizayar ƙasa, daga baya ta gagari kowa. Ita kuwa Otobong Nkanga, haifaffiyar Kano a 1974, ta yi aiki tare da Emeka Ogboh a Sharjah a 2019, inda suka haƙa ramukan ruwan gishiri kewaye da busasshen dabino.

Manomin rani a Zamfara ba ya bukatar dogon bayani kan wannan. A bakin gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bungudu, da fadamun ƙasar Tsafe, akan yanka fangali, a rene irin tumatir da albasa da attaruhu, a yi masa rumfar kara, sannan a dasa. Komai da ƙa'ida: yawan ruwa, lokacin ban ruwa, tazarar dashe. Amma idan injin ban ruwa ya tsaya kwana kaɗan a tsakiyar bazara, ko man fetur ya yi tsada, sai ganye ya langaɓe, fure ya zube. Da can jigo ake ja, kuma shi ma ƙarfin mutum yake ci.

Bambancin yana wajen asara. Idan shuka ta mutu a ɗakin nuni, mutuwar na cikin abin da aka zo kallo. A fadama kuwa jarin iyali ne ya tafi.