Rubuta Shaidar Saita Idanun Mota Bayan Haɗari

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal, ta nufi Jega, kana ta miƙe kudu ta Yawuri da Kwantagora har Ikko, hanya ce wadda mutanen wannan yanki suka daɗe da sanin alherinta da sharrinta, domin kuwa ita ce ke ɗaukar albasa da hatsi da dabbobi zuwa Kurmi, ita ce kuma ke ciyar da garejojin bakin titi da motocin da suka yi taho-mu-gama, ko suka bugi saniya da almuru, ko suka faɗa rami. A bisa al'ada, idan irin wannan ƙaddara ta auku, akan ja motar zuwa wurin mai gyaran bodi ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, mai fenti ya shafe tabon, mai waya ya haɗa fitilu. Sa'an nan mai mota ya zo ya zagaya ta, ya shafa da tafin hannu, ya hau ya ɗan taka, in ya gamsu ya biya a yi sallama. Ido da hannu da kunne su ne shaidun wannan ciniki, kuma sun wadatar har tsawon zamani.

Amma motocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan sun zo da wata mas'ala wadda waɗannan shaidu uku ba su da ta cewa a cikinta. A shekarar 2016 kamfanoni 20 masu ƙera motoci suka yi alkawari da hukumomin kiyaye haɗurra na Amurka cewa kafin watan Satumba na 2022 kusan duk ƙaramar motar da za su sayar a can za ta zo da birkin da ke kama kansa idan ya hangi karo. Tarayyar Turai kuma ta wajabta irinsa a kan dukkan sababbin ƙananan motoci tun daga Yulin 2024. Toyota Corolla ƙirar 2017 da Camry ƙirar 2018 da Honda Accord ƙirar 2018, waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka, dukkansu da wannan birki suka fito daga masana'anta. Da yake kuwa mafi yawan motocin da muke hawa na hannu ne, waɗanda suka gama wani rabo na rayuwarsu a Amurka ko Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Ikko, lalle abin da aka wajabta a can jiya shi ne zai tsaya a tashar Tambuwal gobe, ko da mun neme shi ko ba mu nema ba.

Birkin nan da idanu yake aiki, idanun kuwa iri-iri ne. Akwai kyamara manne da gilashin gaba, a bayan madubin tsakiya, wadda ke karanta layin da aka shata a kan kwalta, tana kuma rarrabe mota da mutum. Akwai na'urar rada a gaba, a bayan bamba ko a bayan tambarin kamfani, wadda ke aika igiyar rediyo ta auna nisan abin da ke gaba da saurinsa. Wasu motocin suna da ƙananan rada a kusurwoyin bambar baya, masu faɗakar da direba game da abin hawan da madubi bai nuna masa ba. Dukkansu suna kai rahoto ga kwamfutar mota, ita kuwa tana da ikon ta yi ƙara, ko ta ɗan juya sitiyari, ko ta taka birki ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa birkin nan yana rage karon da mota ke yi wa ta gabanta da kimanin rabi, wanda ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Sai dai wannan fa'ida tana da sharaɗi guda, wato idon ya kasance yana duban inda kwamfutar ta ɗauka yana duba. Magina masallaci sun san cewa karkatar da ba ta kai faɗin yatsa ba a wurin aza harsashi tana iya kautar da sahu daga alƙibla da tazara mai yawa, saboda nisan da ke tsakaninmu da Makka. Haka lissafin yake a nan. Idan rada ta karkace da digiri 1 tak, wanda ido ba zai taɓa ganewa ba, to a nisan mita 100 dubanta ya kauce da kusan mita 1.75, wato kimanin rabin faɗin hannu ɗaya na titi. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka mita 100 ɗin nan ba su kai daƙiƙa 4 ba. Mai irin wannan mota yana iya fitowa daga Dogon Daji, tirela tana tahowa a nata hannun lafiya lau, motarsa ta ɗauka a gabanta take, ta danne birki a tsakiyar titi alhali bas cike da fasinja tana biye da shi. Ko kuma akasin haka, ta kasa ganin motar da ta tsaya a gabanta. Babban abin tsoro kuwa shi ne sau da yawa babu fitilar gargaɗin da za ta kama a gaban direba, domin na'urar ba ta mutu ba, tana aiki, karkatacciya ce kurum, ita kanta ba ta san da karkatarta ba.

Abubuwan da ke jawo wannan karkata su ne ainihin ayyukan yau da kullum na gareji: sauya gilashin gaba, cire bamba da mayar da ita, miƙe ƙarfen da rada ke zaune a kai, taɓa ƙafafun mota ko yi mata alaimen. Hatta fila da fenti mai kauri da aka laɓta a kan bamba daidai inda rada take suna iya dushe mata gani, haka nan tambarin jabu da aka saya da araha aka liƙa a madadin na asali. Maganin abin shi ne a sake saita idon bisa ƙa'idar da kamfanin motar ya rubuta, kuma hanyoyin biyu ne. Ta farko a tsaye ake yinta: a ajiye motar a daɓe mai shimfiɗa daidai, cikin haske madaidaici, a cika iskar tayoyi yadda aka ƙayyade, a sauke kaya, a fitar da layin tsakiyar motar da zare da ma'auni, a kafa allo mai zane na musamman a nisa da tsayin da littafin ya ambata, sa'an nan a jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, a umarci kwamfutar ta koyi sabon matsayinta. Ta biyu a tafe ake yinta, a kan titi mai layi bayyananne, da gudun da aka ƙayyade. Wasu motocin ɗaya suke bukata, wasu duka biyun.

Duk wanda ya san garejojinmu ya san cewa waɗannan sharuɗɗa suna da wuyar cika. A kan turɓaya ake aiki, ƙarƙashin bedi ko rumfar kwano. Layin titi ya goge a wurare da yawa. Ƙurar hunturu kuma kan rufe sararin sama kwana da kwanaki. Ban faɗi wannan don in rage darajar makanikanmu ba, mutanen da ke tayar da injin da masu shi a Turai suka yanke ƙauna da shi. Abin nufi shi ne aiki ne da gwaninta kaɗai ba ta isar masa, sai da wuri da kayan awo, kuma bayan an gama shi babu wata alama a jikin mota da za ta bambanta wadda aka saita da wadda ba a saita ba. Ke nan babu mai ba da shaida a kansa sai rubutu.

Malamanmu na fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan fasali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A mazhabar Malikiyya kuma, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'ar da aka danƙa wa kaya ya keɓanta da su a bayan idon mai su, lamuninsu yana wuyansa, sai fa in hujja ta tsayu cewa ba da sakacinsa suka salwanta ba. Haka nan ɓoye aibin haja ga mai saye algus ne, yana kuma ba shi damar mayar da ita. Alƙalan ƙasar nan sun daɗe suna nazarin Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, inda aka yi bayanin shaida da rubutattun takardun hukunci filla-filla. Saboda haka takardar da muke magana a kanta kariya ce ga makaniki kafin ta zama kariya ga mai mota, domin ranar da aka tsaya gaban alƙali a Tambuwal ko Kebbe, mai rubutu a hannu ya fi mai rantsuwa kwanciyar hankali.

Takardar tana farawa ne tun kafin a ɗora sifana a kan motar. A rubuta lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, da kwanan wata, da abin da agogon tafiyarta ya nuna, a kuma lura ko mil yake ƙirgawa ko kilomita, da yake motocin Amurka mil suke ƙirgawa. Sai a jona na'urar bincike a ajiye duk lambobin matsalar da ta fitar, a ɗauki hoton ɓarnar ta kowace fuska. Hikimar wannan binciken farko ita ce ya raba abin da haɗarin yau ya jawo da abin da motar ta zo da shi, kuma a wurinmu wannan rabewa ta fi muhimmanci fiye da ko'ina, domin da yawa daga motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka, aka gyara musu fuska a Ikko, aka kawo su Arewa suna ƙyalli, ba tare da takarda ko ɗaya da ta faɗi abin da aka yi wa idanunsu ba. Makanikin da bai rubuta halin da ya karɓi mota ba, ya ɗauki laifin wanda bai taɓa gani ba ya aza wa kansa.

Bayan gyara sai a rubuta kayan da aka sauya, da asalinsu, na kamfani ne ko na hannu irin na Ƙofar Ruwa a Kano. Da ƙa'idar kamfanin da aka bi. Da sunan na'urar da aka yi aiki da ita. Da awon da aka yi na nisa da tsayi, tare da hoton motar da allon a inda aka kafa su. Da sakamakon da na'urar ta nuna cewa saitin ya kammala. Da bincike na biyu. Da gwajin titi, inda aka bi da abin da aka gani. Wanda ya yi aikin ya sa hannu, mai mota ya sa nasa, kowa ya riƙe kwafi. Mai karatu ya kiyaye da wata gafala da ta yawaita: goge lambobin matsala daga kwamfuta har fitila ta mutu ba saiti ba ne, kuma takardar da ta ce babu matsala ba ta ce an saita ba.

A ƙasashen da motocin suka fito ba a wasa da wannan. A Ingila cibiyar bincike ta Thatcham, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta fitar da ƙa'idoji a 2020 masu neman gareji ya ajiye cikakken bayanin saitin da ya yi. A birnin Dalas na Amurka, a 2017, masu taya alƙali hukunci sun ɗora wa wani gareji diyyar dala miliyan 31.5 saboda ya manne rufin wata Honda da gam a maimakon walda kamar yadda kamfanin ya rubuta, motar kuwa ta riga ta sauya hannu kafin haɗarin da ya tona asirin. A nan gida galibin masu mota inshorar wajibi kurum suke yanka, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ita kuwa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran motarka ba. Don haka babu jami'in inshorar da zai zo ya tambayi gareji takarda. Mai mota shi ne mai binciken kansa.

Idan kuwa garejin ba shi da wuri ko kayan wannan aiki, wanda shi ne galibi a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, to akwai rubutun da ya fi kowanne sauƙi, kuma a ganina shi ne mafi daraja: a rubuta ɓaro-ɓaro cewa an sauya gilashi ko an cire bamba, ba a saita kyamara da rada ba, an kuma shaida wa mai mota ya kai ta babban birni inda ake da kayan, kada ya dogara da su kafin nan. Wannan bai bukatar komai sai biro da littafin rasit, ko saƙon waya mai ɗauke da kwanan wata. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne a cire ƙwan fitilar gargaɗi ko a rufe shi don mai saye kada ya gani, domin wannan ha'inci ne da ke iya cin rayuka.

Ya kai mai mota, ranar da za ka karɓi motarka daga gyara, ko za ka sayi ta hannu, duba bayan madubin tsakiya. In ka ga kyamara, ka nemi takardar saitinta kafin ka ƙirga kuɗi, ka ajiye ta tare da lasin da takardar kwastan, ka kuma miƙa ta ga wanda za ka sayar wa.