Hattara da Murar da Ke Toshe Numfashin Jarirai

Iyaye, a daina cewa "ai 'yar mura ce" idan jaririn da bai kai wata shida ba ya fara tari, yana sakin nono don ya ja numfashi. Akwai ƙwayar cutar da likitoci ke kira RSV, wadda kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. Ga babba, galibi majina ce da atishawa. Ga jariri kuwa, takan gangara cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, ta kumbura su, majina ta toshe sauran. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai ta kwantar da yara miliyan 3.6 a asibiti, ta yi ajalin fiye da 100,000 'yan ƙasa da shekara 5. Sama da kashi 97 cikin 100 na mamatan 'ya'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da matsakaita, wato irin namu.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne ba ta zama a kama ɗaya. An fara gano ta a jikin birai a 1956, shekara na zagayowa aka same ta a jikin jarirai a Baltimore ta Amurka. Gida biyu ce, A da B, kowane gida da zuri'a rututu. Furotin ɗin da take maƙalewa da shi a jikin mutum, wanda ake kira G, shi ya fi yawan sauyawa, kamar ɗan sane mai canza riga kowace ranar kasuwa. A 1999 wani sabon iri na gidan B ya ɓulla a Buenos Aires ta Ajantina, ya maimaita haruffa 60 a cikin kundin halittarsa, kuma cikin 'yan shekaru ya ture na gabansa a faɗin duniya. A ƙarshen 2010 gidan A ya yi irin nasa a Ontario ta Kanada, da haruffa 72. A 2012 har ya isa Kilifi da ke gaɓar tekun Kenya. Ga shi garkuwar da jiki ke samu ba ta daɗewa, don haka "ai ya taɓa yi bara" ba hujja ba ce.

Masu haɗa magani ma sun ji a jikinsu. A 2017 aka jingine wani maganin kariya mai suna suptavumab bayan gwajinsa a kan bakwaini bai yi nasara ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar gidan B ya yi sauyi biyu kacal a daidai gurbin da maganin ke kamawa. Yanzu akwai allurar nirsevimab ta jarirai, da rigakafin da ake yi wa mai juna biyu don ta ba ɗanta kariya tun yana ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su. Sai dai ba su shiga jadawalin rigakafin yawancin ƙasashen Afirka ba tukuna. Hukumomin lafiyarmu su nemo su da gaggawa, su kuma riƙa binciken irin da ke yawo a tsakaninmu. Wanda bai san abin da ke cikin gidansa ba, ta ina zai gane ranar da magani ya daina ci?

Kafin nan, aikin na cikin ɗakin mai jego ne. Ranar suna jariri kan bi hannu ashirin, wannan ta sumbace shi, waccan ta share hanci da bakin gyale ta karɓe shi. Mai tari ko mura ya yi barka daga bakin ƙofa, ko da kakar yaron ce. A wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar takan yi sa'o'i a kan kofi da mariƙin ƙofa. A fitar da kaskon garwashi da turaren wuta daga inda yaro ke kwana.

Kuma kada a ruga kemis a sayo kafso a zuba a cokali: maganin bakteriya ba ya taɓa wannan ƙwayar. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko leɓɓansa sun sauya launi, a tafi asibitin da ke da iskar oksijin a daren, kada a jira gari ya waye.