Guguwar da Ta Ƙetare Iyaka

A shekarar 2002, masana a ɗakin binciken matsanancin sanyi na Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a ƙasar Finland, suka zuba ruwan hiliyom-3 cikin siririn bututun kwaz, suka sanyaya shi har ya rage kashi biyu ko uku cikin dubu na digiri ya kai ƙarshen sanyi. A nan wani ɓangare na ruwan yakan daina gogayya kwata-kwata, ruwan kuma ya kasu gida biyu, nau'in A da nau'in B. Da ƙarfin maganaɗisu suka tsayar da iyaka tsakaninsu, sannan suka fara juya na'urar.

Nau'in A bai da taurin kai: nan da nan ya cika da ƙananan guguwowi, ya bi juyin bututun. Shi kuwa B ya tsaya cik. Ruwa biyu ke nan suna zamewa a jikin juna, babu mai jan wani. Da aka ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kwatsam sai na'urar awo ta nuna 'yan guguwowi a cikin B. Daga ina?

Bangon bututun aka fara zargi, domin kaushin bango kan haifi guguwa. Amma gudun bai kai na hakan ba, kuma da an sauya ƙarfin maganaɗisu sai lokacin ɓullarsu ya sauya. Ina ruwan bango da maganaɗisu? Ashe iyakar ce ke tanƙwarewa ta yi igiyoyi, guguwowin A su faɗa ɗaya ɓangaren. Masana Helmholtz a 1868 da Kelvin a 1871 sun bayyana irin wannan, yadda iska ke tayar da igiya a kan ruwa. A nan maganaɗisu ne ya maye gurbin nauyin da ke lallashin igiyar ta kwanta.

Sai dai lissafinsu ya ƙi fita. Iyakar tana rikicewa tun kafin gudun da tsohon lissafi ya yanka mata. Wani masani, Grigory Volovik, ne ya warware ƙullin, kuma amsarsa ce mafi daɗi a duk labarin. Akwai na uku a wurin da aka manta da shi: ragowar ruwan mai gogayya, wanda ke manne da bango, yana kuma riƙe iyakar. Kamar tuta ce. Sandarta ke sa ta kaɗawa a iska. Don haka ko da ruwayen biyu suna gudu ɗaya, iyakar na iya rikicewa. Da aka saka wannan cikin lissafi, sai ya dace da abin da aka auna.