Masu Tsara Ma'aunan Dam ɗin Kainji

Manomin albasa a bakin kogin Kwara a ƙasar Shanga, da masuncin Warra, da mai kwale-kwale a Yelwan Yawuri, duk sun san kogin nan sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Farin ruwa ke fara zuwa, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa ne mai laka da Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke zubowa. Baƙin ruwa kuwa sai da hunturu yake isowa, bayan ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can. Tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, irin tasirin da ruwan nan biyu ke yi wa gonaki da garuruwa ya rataya ne a kan shawarar buɗe ƙofofin dam ko rufe su. Da lambobi ake yanke wannan shawara, kuma akwai wanda sana'arsa ita ce ya tabbatar lambobin ba su yi ƙarya ba. Shi ne injiniya mai tsara na'urorin awo.

Aikinsa a kan takarda da kwamfuta yake farawa, tun kafin a ɗaura waya ko ɗaya. Zai ɗauki zanen bututu da injuna ya bi shi gaɓa-gaɓa: me za a auna a nan, da wace irin na'ura, a ina za a kafa ta, kuma idan awon ya wuce iyaka me zai biyo baya? Kowace na'ura sai ya ba ta lamba, ya rubuta bayaninta, ya zana hanyar wayarta har zuwa allon ɗakin sarrafawa.

Mu ɗauki awon tsayin ruwa. Tafkin Kainji ya kai kimanin kilomita 135 a tsawo, saboda haka kuskuren 'yan santimita kaɗan yana nufin ruwa mai ɗimbin yawa da ba a lissafa ba. Ga igiyar ruwa da iska ke tayarwa, ga kainuwa da ke toshe bakin bututu. Shi ya sa akan gina wata 'yar rijiya da ke haɗe da tafkin ta ƙasa, inda ruwa ke kwanciya lif, a sa ma'aunin a ciki. Kusa da ita kuma a kafa sanda mai lambobi, wadda ma'aikaci zai karanta da idonsa ya gwada da abin da kwamfuta ta nuna.

Ƙwarewar ta fi fitowa fili a yadda ake aika saƙon. A masana'antu da yawa na duniya, na'ura kan aika awonta ta hanyar 'yar wutar lantarki tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20. Huɗu na nufin mafi ƙarancin awo, ashirin kuma mafi yawa. Da gangan aka ƙi farawa daga sifili. Idan ɓera ya gutsure waya, ko tsawa ta ƙona na'ura, wutar za ta faɗi zuwa sifili, nan take mai lura ya gane lalacewa ce aka samu, ba ruwa ne ya janye ba. A wurare masu haɗari ma akan sa ma'auni uku a kan abu ɗaya, sai biyu sun yi ittifaƙi kafin a tsayar da inji, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda.

A cikin tashar wutar lantarkin dam ɗin kanta abin aunawa ya fi yawa. An tsara Kainji don injuna 12, amma 8 aka fara girkawa, masu ba da megawat 760. Kowane inji dole ya juya daidai da bugun wutar ƙasa, wato bugu 50 a kowace daƙiƙa, don haka akwai na'urar da ke ƙara masa ruwa ko ta rage. Ana auna zafin mai da na ƙarafan da ke gogayya, ana auna girgiza, ana kuma auna matsin ruwan da ke ratsa ƙarƙashin ginin. Sakaci da waɗannan yana da tsada. A watan Agustan 2009, a dam ɗin Sayano-Shushenskaya da ke Rasha, wani inji da ya daɗe yana girgiza fiye da ƙima ya ɓalle daga mazauninsa, mutum 75 suka rasa rayukansu.

Mai wannan sana'a yana buƙatar lissafi, da ilimin lantarki, da iya rubuta umarnin kwamfutocin da ke sarrafa injuna. Sai kuma sanin ƙasa. Na'urar da aka ƙera don sanyin Turai za ta haɗu da zafin bazara mai haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da zanzaro mai gina ɗakinsa cikin akwatin waya. Wanda bai lissafa da waɗannan ba, zanensa zai yi kyau a ofis kawai. Matashin da ke sha'awa yana iya kama hanya ta fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero, ko Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Aikin kuma bai tsaya ga dam ba, masana'antun siminti da na sarrafa shinkafa da matatun mai duk suna neman irinsa.

Sai dai lamba mai gaskiya ba ta kammala aikinta ba matuƙar a kan allo ta tsaya. Mutane sama da 40,000 aka tayar daga gidajensu domin wannan tafki, kuma jikokinsu ne ke noma da kamun kifi a gaɓarsa yau. Hakkinsu ne awon ruwan ya riƙa isa ga hakimai da sarakunan ruwa ta rediyo, cikin harshen da suke ji, tun manomi na da sauran lokacin kwashe shinkafarsa.