Bargon ƙyallaye na maza da samari: yadda ake zaɓen launi da zane

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ga ɗari yana tafe. A ƙasar Alakos, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, sanyi yakan tsananta daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu tana busowa ɗauke da ƙura. Waɗanda suka fi shan wahalarta su ne masu kwana a fili: makiyayin da ke tsaron dabbobi, da yaron da ke bin awaki, da almajiri a zaure, da matafiyi a hanyar kasuwa.

Bargon kanti yana da tsada, ba kowane gida ke iya saya wa kowane yaro nasa ba. Amma akwai ragowar ƙyallaye wurin tela, musamman bayan ɗinkin salla. Akwai kuma tsofaffin riguna da wanduna a ɗaka. In an haɗa su aka ɗinka, sun zama bargo. Ba dole sai da keken ɗinki ba, allura da zare sun isa.

Me ya kawo maganar launi?

Launi ba ya ƙara wa mai barci ɗumi da dare. Abin da ke riƙe ɗumi shi ne kaurin bargo da iskar da ke tsakanin ninkinsa. Amma bargon da aka ƙi rufa da shi ba ya maganin sanyi.

Uwa takan ɗinka wa ɗanta bargo da ragowar atamfarta mai manyan furanni. Yaro ya fita da shi, abokansa su yi masa dariya, su ce ya yafa zanen mata. Washegari sai ya bar shi gida. Da dare ya kwana ba mayafi, ko ya matsa kusa da wuta, ko ya shigar da garwashi ɗaki ya rufe ƙofa. Duk ukun haɗari ne. Tartsatsi yana kama tufa. Garwashi kuwa yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutum cikin barci in ɗakin a rufe yake. Saboda haka zaɓen launi maganar lafiya ce.

Launukan da suka dace

Ku dubi abin da mazan garinku suke sawa, ku bi shi. Galibi za ku ga shuɗi, da baƙi, da ruwan toka, da ruwan ƙasa, da kore mai duhu. Shuɗin baba tsohon launin maza ne a ƙasarmu, shi ne na rawani da babbar riga. Har yanzu ana rina shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano.

Waɗannan launuka suna ɓoye ƙura da toka. Fari kuwa da wuri yake nuna dauɗa, ga ruwan wanki da wuya a wurare da yawa. Amma bargo mai duhu zalla ba ya da kyan gani. Ga shawara: cikin kowane ƙyallaye 10, a sa 6 masu duhu, 3 masu matsakaicin haske kamar ruwan bula ko ruwan toka, sannan 1 mai haske sosai kamar ja ko ruwan ɗorawa. A warwatsa masu hasken, kada a tara su wuri guda.

Dattijo ya fi son launi mai natsuwa, sai a rage masa ja. Ƙaramin yaro yana son abu mai haske, ana iya ƙara masa. In yara da yawa ne a gida, a ba kowa nasa launi a bakin bargo, don a huta da rigima.

Zanen da ya dace

1. Yadi mai launi ɗaya, kamar ragowar shadda, shi ne ginshiƙin bargo.
2. Mai ratsi-ratsi da mai gidan dara sun dace da maza ƙwarai. Ana samunsu a tsofaffin taguwoyi da kayan gwanjo.
3. Mai ƙananan ɗige-ɗige ba shi da laifi.
4. Atamfa mai manyan furanni, a yanka ta ƙanana har furen ya ɓace, ko a sa ta a tsakiyar bargo inda ba a gani.
5. A guji yadi mai hoton mutum, kamar na jam'iyyun siyasa, don yana jawo gardama. Mutane da yawa kuma ba sa son hoton mai rai a abin da za su iya shimfiɗawa su yi salla.
6. Kada a sa yadi mai rubutun ayoyi ko sunan Allah, domin bargo yana taɓa ƙasa.

A gwada ƙyalle kafin a ɗinka

Gwajin zuba: a jiƙa ƙyalle, a goga shi a kan farin tsumma. In launi ya fita, yana zuba. A wanke shi shi kaɗai har ruwa ya yi fari, in ya ƙi, a ajiye shi. Ja da shuɗi da baƙi sun fi yawan zuba.

Gwajin wuta: a zare ɗan zare daga ƙyalle, babba ya kai shi bakin wuta a hankali. Auduga tana wari kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Yadin roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Irin wannan in ya kama wuta yana manne wa fata. Kada a sa shi a bargon mai kwana kusa da wuta. Auduga ma tana ci, don haka kowane bargo a nisanta shi da wuta.

Bayan haka a wanke duk ƙyallayen da sabulu, a shanya a rana. Sabuwar auduga tana tsukewa bayan wankin farko. Kuma a haɗa mai kauri da mai kauri, don in an haɗa shi da marar kauri, ɗinkin yakan yage.

Lissafin ƙyallaye

A yanki kwali mai kusurwa huɗu, santimita 17 kowane gefe, ya zama ma'auni. Ɗinki zai ci santimita 1 a kowane gefe, saura 15.

Bargon babba: ƙyalle 10 a faɗi, 14 a tsawo, jimla 140. Zai kai santimita 150 da 210. Masu duhu 84, matsakaita 42, masu haske 14.

Bargon yaro: ƙyalle 8 a faɗi, 10 a tsawo, jimla 80. Zai kai santimita 120 da 150. Masu duhu 48, matsakaita 24, masu haske 8.

A jera su a kan tabarma tukuna, a ja da baya a duba, a gyara, sannan a soma ɗinki. A yi ninki uku: ƙyallaye a sama, tsohon zane a tsakiya, yadi mai haske a ƙasa. Hasken gefen da ke taɓa jiki yana sa a ga ƙwarƙwata da kuɗin cizo da wuri. A cire maɓalli da zip, kada ƙaramin yaro ya haɗiye ko ya ji ciwo.

Ba abin kunya ba ne

In wani ya ce tufa mai faci ta matsiyata ce, ga amsa. A Sudan, mabiya Mahadi Muhammad Ahmad, wanda ya bayyana a 1881, sun sa jibba mai faci launi-launi. A Senegal, 'yan Bay Fal, mabiya Shehu Ibra Fal, suna sa riguna na haɗe-haɗen ƙyallaye har gobe. A Amurka, matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama sun ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona na mazansu. A 2002 aka nuna su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, suka yi suna a duniya.

Kula da lafiya

A kakkaɓe bargo kafin a kwanta saboda kunama. A riƙa shanya shi a rana. Bargo ba ya maye gurbin gidan sauro. In yaro yana tari da saurin numfashi, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, a kai shi gidan likita ran nan, kada a jira.

Kafin ku ɗinka, ku kira mai bargon ya zaɓi ƙyallayensa da hannunsa. Abin da mutum ya zaɓa da kansa ba ya yar da shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya raba mu da ɗarin bana lami lafiya.